Billen da Ya Koma Dama

Nafisa, Aminu, na san sai kun nemi mai karanta muku wannan babin, don Hausarku ta kunne ce kawai, a yi muku magana ku mayar da Turanci kamar ma'aikatan gwamnati. To ku nemi wanda bakinsa ke rufuwa. Abin da zan faɗa na riƙe shi fiye da shekara talatin, kuma yanzu da likita ya fara yi mini magana a hankali yana kallon takarda maimakon fuskata, na ga gara in sauke. Sunana ba Hassana ba ne. Hassana 'yar'uwata ce, tagwaye muke, ita ta riga ni fitowa. Ni ce Hussaina.

Kamarmu ta yi yawa har Inna kan shayar da ɗaya sau biyu ta bar ɗaya da kuka, shi ya sa ranar suna Baba ya ce wa wanzami ya raba mu. Aka yi wa Hassana bille a kuncin dama, ni a na hagu. Da muka girma, Kawu Laminu, ƙanen Inna da ke da shago a Harlem, ya nema wa Hassana takardun zuwa Amurka ta yi kitso, don ita ce mai hannu, ni kuwa kitsona ko kwana uku ba ya yi. Saura sati biyu ta tashi zazzaɓi ya kama ta, kwana uku Allah ya karɓi abinsa. Washegarin jana'iza Baba ya kira ni ɗakinsa, fasfo ɗinta na kan tabarma a gabansa.

"Ke za ki tahi," in ji shi. "Wadda muka kai jiya ita ce Hussaina. Haka na hwaɗa ma liman, haka za ki hwaɗa ma kowa."

"Baba, bille fa?"

"Wa zai tsaya duba kuncinki? Ja kallabi ki rufe."

Gaskiyarsa, ba wanda ya duba. Hoton fasfo ɗan mitsitsi ne, kuma a idon masu hatimi duk ɗaya muke. Unguwarmu a Maraɗi ta sani, ta yi shiru. Aka yi sadakar bakwai da sunana ina zaune ina ji, mata na shigowa suna cewa Allah ya jiƙan Hussaina, ina cewa amin. Inna kuwa daga ranar ba ta sake kirana da ko ɗaya daga cikin sunayen ba, har ta rasu "ke" take ce mini a waya. Babanku ya sani, na gaya masa kafin a ɗaura aure, ya ce mu rufe, ya kama kirana Maman Nafisa tun kafin a haifi Nafisar. Tsoron a fili yake: in maganar ta fito, takarduna sun zama na bogi, a sa ni a jirgi, ku kuma da aka haifa a nan a bar ku ba uwa.

Kitso bai karɓe ni ba, kuma ba rashin hannu ne kawai ba. Shagon madubi ne ta ko'ina. Duk wanda ya kalli madubi kansa yake gani, ni kuwa in na ɗaga kai sai in ga billen a gefen da na saba ganinsa a fuskar Hassana in muna zaune muna cin tuwo. Shekara biyu na yi ina kitso kaina a sunkuye, har wuyana ya sankare. Na bari, na koma aikin kula da tsofaffi a gidajensu. A shekarata ta goma sha ɗaya a ƙasar nan, Nafisa kina aji biyu, Aminu bai daina fitsarin kwance ba, ko ya musa, ofishinmu ya tura ni wajen wata tsohuwa Bajamushiya, Madam Irma.

Kullum da safe in na kai ku makaranta sai in hau bas daga Bronx in tsallake gada zuwa can saman Manhattan, inda ragowar tsofaffin Jamusawa suke. Hawa na shida take, ita kaɗai. Ranar farko da na buɗe ƙofa sai da na yi a'uziyya. Igiyoyi ne a ɗaure daga bango zuwa bango kamar na shanya, amma maimakon tufafi fuskokin mutane ne a rataye, baƙi da fari, an maƙale kowace da abin shanya. Hitar ɗumama ɗaki na hura iska, fuskokin na juyawa a hankali, wannan ta kalle ni ta kau da kai, waccan ta juyo. Warin tawada da kofi ya cika gidan. Daga can ciki wata murya mai kaushi ta ce in cire takalmi, kuma kada in taɓa kowa, ba su bushe ba.

'Yar ƙaramar mace ce, ta haura tamanin, amma hannuwanta na maƙeri ne. Sana'arta sassaƙa hoto a kan katako don a buga a littafi. Za ta zana abu a kan allon katako mai santsi, ta ɗauki 'yan wuƙaƙenta ta ƙwaƙule duk inda take son ya fito fari, abin da ta bari shi ke ɗaukar tawada. Sai a shafa tawadar, a ɗora takarda marar kauri, a goge bayanta da cokalin katako har hoton ya kama. Ya tuna mini da masu zanen ƙwarya a kasuwar garinmu, na gaya mata, ta sa na yi mata bayani har sau biyu, ta ce ashe tana da dangi a can ba ta sani ba. A wajen ubanta ta koya, a wani ƙaramin gari kusa da daji. Yaƙin duniya ya ci garin da uban, ta shigo ƙasar nan a jirgin ruwa tana budurwa da wuƙaƙen a naɗe cikin safa. A nan ta fara da zanen tallar sabulu, daga baya masu buga littattafai suka gano ta, ta shekara hamsin tana yi wa littattafan tatsuniyoyi da na waƙoƙi hotuna. Ba ta yi aure ba. Ta ce ta taɓa gwadawa da wani mai gyaran agogo, ya ce gidan na da ƙurar katako, ta zaɓi ƙurar.

An turo ni ne in yi mata wanka da girki da ba da magani, amma cikin sati biyu na zama mai gugar takarda. Yankan tana iyawa, kafaɗarta ce ta daina ɗaukar guga. Ni kuwa da na tashi da tuƙin tuwon gidan mutum ashirin, cokali ba zai ba ni tsoro ba. Muna aiki tana zagin masu buga littafin zamani, ina zagin direbobin bas, muka saba. Abu ɗaya take nanatawa, kusan kullum: a cikin katakonta za ta mutu, kada in yarda kowa ya kai ta gidan ajiye tsofaffi, ni kuma na yi mata alkawari. Wani ɗan ƙanwarta da ke wata jiha ya daɗe yana nema, amma ba hali muddin hankalinta na nan, kuma hankalin nata ya fi nawa kaifi.

Da nake share shiryayyun littattafanta na lura da wani abu. Duk hoton da ke da taron mutane, kasuwa ko biki ko jana'iza, akwai wata yarinya a gefe mai kitso biyu, ta ba da baya. Littafi bayan littafi, daga na ƙuruciyarta har na tsufa, yarinyar na nan, ba ta girma, ba ta juyowa. Na tambaye ta.

"Maƙwabciyarmu ce," in ji ta. "Lokacin yaƙi sojoji suka zo da mota suka kwashe su da safe, ba wanda ya dawo. Ta kira ni daga tsakar titi, ina bakin taga, na ja labule. Bayanta na gani da na sake leƙawa."

"Ba ki tuna fuskarta ba ne?"

"Na tuna sarai. Ba ni da izinin sassaƙa ta."

Daga ranar na daina share wannan shiryayye in ni kaɗai ce a ɗakin.

A damina ta wannan shekarar ta ce littafinta na ƙarshe fuskokin mutanen unguwa ne, su ne a rataye a igiya: mai kawo wasiƙa, mai wanki, Basinen da ke sayar da kayan miya. Ta ce saura ni. Na ƙi, na ce addini, na ce kunya, na ce mijina. Ta saurare ni har na gama ƙaryata ta nuna mini kujera a bakin taga. Kwana huɗu ina zama awa guda tana zana ni kai tsaye a kan katakon da fensir, sannan ta yi sati uku tana yanka, ta hana ni gani. Ranar da ta gama, da hantsi, ta shafa tawada da kanta, ta ɗora takarda, ta miƙo mini cokali.

Takardar ba ta da kauri, in ana guga hoton kan ɓullo ta baya kaɗan-kaɗan. Goshi ya fara fitowa, sai ido, sai kunci. Ni ce, billena na inda yake a hoton aure da duk wani hoto da aka taɓa ɗaukata. Har na fara murmushi. Ta ce in ɗaga. Na kama gefe na ɓare a hankali, na juya takardar.

Hassana ce ta kalle ni.

Na manta, ko in ce ban taɓa kawowa a raina ba, cewa duk abin da aka sassaƙa a katako juyawa yake in an buga, na hagu ya koma dama. Sau nawa na ga Madam tana yanka haruffa a baibai don su fito daidai, amma fuska ba ta damu ta juya ba, ta ce fuska ba ruwanta da hagu da dama. Tamu da ruwanta. Billen ya koma kuncin dama. Kuma wannan ba irin na madubi ba ne, da in na kau da kai ta kau, in na rufe ido ta tafi. Wannan ta tsaya cak, ba ta bin motsina. Wuƙa ta kwashe ƙibar da na yi bayan haihuwa, ta bar fuskar 'yar shekara ashirin da biyu. Har leɓen ƙasa ta ɗan cije ta gefe, yadda Hassana ke yi in tana jiran a ba ta amsa. Na zauna a ƙasa da takardar a hannu, tawada na shafar zanena.

Madam ta goge wuƙarta tsaf.

"Leɓen nan ba ni na ƙirƙira ba," in ji ta. "Haka kike yi duk sanda na kira ki. In na ce Hassana, sai ki cije leɓe ki ɗan jira, kamar akwai wadda za ta riga ki amsawa. Wata takwas ina kallonki. Wace ce wannan?"

Na gaya mata. Abin da ban gaya wa ƙawayena na masallaci ba, na zauna a kan daɓen wata Bajamushiya da ba ta salla na zazzage shi duka, da zazzaɓin da fasfo ɗin da sadakar bakwai. Na ce mata in ta faɗa wa wani na rasa 'ya'yana. Ta yi tsaki irin nasu ta ce wa ta sani da za ta gaya wa, duk sun mutu. Sai ta tambayi sunana. Wallahi sai da na nemo shi kamar mai laluben allura a cikin akwati, kuma da ya fito muryata ta yi mini baƙo. Ta maimaita, ta ɓata, na gyara, ta sake, har ta iya shi fiye da yadda ku za ku iya.

Duk da haka ba ta ɗaga mini ƙafa a aikin ba. Masu littafin na son bugu ashirin, ashirin kuwa na goga. Kowace takarda ni ce ta baya, in na juya sai Hassana. Da la'asar ta yi, Hassana ashirin ne a rataye a igiya suna juyawa, ina bi ta ƙarƙashinsu da tiren abinci kaina a ƙasa. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Amma kafin in tafi gida na tsaya a gaban ta ƙarshe na yi mata addu'a da sunanta, karo na farko da wani ya roƙa mata gafara a matsayin mamaciya.

Daga ranar, da na rufe ƙofar hawa na shida, ni Hussaina ce. "Hussaina, kofi." "Hussaina, kin cika gishiri." Wata biyar aka yi haka. Ban san ina jin yunwar abin ba sai da aka ba ni. Nakan yi kamar ban ji ba don ta sake kira, ita kuma ta gane, sai ta ƙara da zagi. Babanku ya ce na yi haske, ya tambaya ko ciki ne.

Cikin sanyi ta faɗi a banɗaki. Ba ta karye ba, amma ta kwanta, numfashinta ya yi nauyi. Ɗan ƙanwar nata ya bugo waya ofishinmu, suka turo wata babbar ma'aikaciyar jinya ta duba ko har yanzu tana iya zama a gidanta. Da rana tsaka ta zo, doguwar mace mai tabarau, ba muguwa ba ce, aikinta take yi. A hannunta akwai fayil biyu, na Madam da nawa, na ga hoton katina a maƙale a sama. Ta tambayi Madam ranar mako da sunan titinsu, ta amsa daidai har da gatse. Muka fito falo tana cike takarda, ina tsaye a gefenta. Sai tari ya sarƙe Madam a ɗaki.

"Hussaina!"

Matar ta ɗaga kai. "Wa take kira? Tana da 'ya ne?"

Na ji leɓena ya shiga tsakanin haƙorana.

"Hussaina, ruwa!"

Ƙofar ɗakin a buɗe take, daga gadon tana ganina, ina ganinta. Taku shida ne tsakaninmu. Matar ta duba fayil ɗina, ta dube ni.

"Akwai mai wannan sunan da ke zuwa gidan nan?"

"Babu," na ce. "Ban san ta ba."

"Ta saba kiran mutanen da ba sa nan?"

Da na ce sunan wasa ne da ta laƙaba mini, da shi ke nan, magana ta mutu. Sau dubu na faɗi wannan amsar a raina daga baya, a bas, a kan sallaya, a layin asibiti. A lokacin ba ta zo mini ba. Fuskokinku ne suka zo, da jirgi, da Baba yana cewa haka za ki faɗa wa kowa.

"Kwana biyun nan ta fara," na ce.

Madam ta kira na uku, a hankali wannan karon, idonta a kaina. Ban motsa ba. Matar ce ta ajiye biro ta kai mata ruwan, ta dawo ta yi rubutu mai tsawo.

Sati bai cika ba aka zo da kujera mai taya aka sauko da ita. Ba ta yi gardama ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, don kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke hankalinta, ta ce ga wadda nake kira nan tsaye. Ba ta faɗa ba. Ɗan ƙanwar ya zo ya kwance igiyoyin, ya zuba katakon a kwali. Littafin ya fito bayan shekara biyu, hoton na ciki ba suna a ƙasansa. Ni ofis ya tura ni wani gida a Queens.

Sai da na yi sati uku kafin na iya zuwa ganinta. Ɗaki ne fari fat, ba warin komai sai na maganin shara. Tana zaune a kujera, hannuwan nan na maƙeri a kan cinya ba abin riƙewa, wata ma'aikaciya na gyara gado a bayanta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni da idon nan da ya ga leɓena, babu hazo a cikinsa ko kaɗan.

"Sannu da zuwa, Hassana," in ji ta. "Ya yaran?"

Har yau ban sani ba ko rufa mini asiri ta yi a gaban ma'aikaciyar, ko karɓe abin da ta ba ni ta yi. Na zauna rabin awa, ba ta sake kiran kowane suna ba. Kwana goma sha biyu bayan nan ta rasu, a ɗakin da na yi mata alkawarin ba za ta shiga ba.

Kun girma, kuna da aikinku da gidajenku, ba wanda zai iya raba ni da ku yanzu sai wanda ya ba ni ku. Takardu kuwa su ƙare da sunan da suka saba, ba na neman a gyara komai a ofis. Amma in an zo yi mini salla ku gaya wa liman gaskiya, kada a sake binne ɗayarmu da sunan ɗaya. Kafin nan kuma ina da roƙo, ko da al'ada ba ta yarda ɗa ya kama sunan uwarsa ba, na yafe muku wannan. Ranar Lahadi in kun zo, kada ku buɗe da makullinku. Ku tsaya a bakin ƙofa ku ce Hussaina. In kun ji shiru kada ku tafi, ku sake kira, ina ciki.